Mujallun Wata-Wata na Jama'ar Ahmadiyya da Zangon Kumasi: Tarihi da Manufa

Gabatarwa

Kalmar mujalla aro ce daga Larabci. Hausawa suna amfani da ita ga ɗan littafin da ake bugawa lokaci-lokaci, galibi wata-wata, wanda yake ɗauke da maƙaloli masu tsawo fiye da na jarida. Jarida takan tsufa da faɗuwar rana, mujalla kuwa akan ajiye ta, a ara wa aboki, a sake buɗe ta bayan shekaru. Wannan ne ya sa ƙananan ƙungiyoyin addini suka fi jingina da ita. Ƙungiyar da ba ta da sarki, ba ta da masallacin Juma'a a kowane gari, mabiyanta kuma a warwatse suke, takan mayar da mujallarta mumbari da makaranta da ma'aikin da ke kai saƙo tsakanin 'yan uwa.

Wannan maƙala ta bi tarihin mujallu biyu na jama'ar Ahmadiyya, wato Review of Religions da aka fara bugawa a Indiya a 1902, da The Guidance ta ƙasar Gana. Ta kuma duba yadda suka kwashe da Zangon Kumasi, inda Hausa ce harshen kasuwa da na wa'azi. Abin da tarihin ya nuna shi ne, harshen da mujalla ta zaɓa shi yake zaɓa mata masu karatu. Kafin a shiga bayani, ya kamata ɗalibi ya lura cewa Ahmadiyya ita ce wadda ake kira Kadiyaniyya, daga sunan garin Kadiyan, kuma ba ta da wata alaƙa da ɗariƙar Ƙadiriyya ta Shehu Abdulƙadir Jilani, duk da kamar da sunayen suka yi a kunne.

Asalin Jama'ar da Mujallarta

Mirza Gulam Ahmad mutumin Kadiyan ne, wani ɗan gari a lardin Funjab na Indiya. Ya karɓi mubaya'ar mabiyansa na farko a garin Ludhiana a ranar 23 ga Maris, 1889, ya kuma rasu a 1908. Ya yi da'awar cewa shi ne Mahadi kuma shi ne Almasihun da ake jira. A wancan zamani Indiya tana hannun Turawan Ingila, masu wa'azin Kirista kuma suna da maɗaba'u da makarantu, suna buga littattafan sukar Musulunci da Ingilishi da Urdu. Muhawarar addini ta bar dandali ta koma kan takarda, wanda ba shi da maɗaba'a kuwa an bar shi a baya.

A cikin wannan yanayi aka fara buga Review of Religions a watan Janairun 1902. Ma'anar sunan ita ce nazarin addinai. Editanta na farko shi ne Maulawi Muhammad Ali, wanda ya yi karatun zamani mai zurfi, daga baya kuma ya yi suna da fassarar Alƙur'ani zuwa Ingilishi. An riƙa fitar da ita da Ingilishi, tare da wani bugu na Urdu domin mutanen gida. Bayan rasuwar halifa na farko, Hakim Nuruddin, a 1914, jama'ar ta rabu gida biyu. Muhammad Ali ya koma Lahor da nasa ɓangaren, mujallar kuwa ta zauna a hannun ɓangaren Kadiyan ƙarƙashin halifa na biyu, Mirza Bashiruddin Mahmud Ahmad. Har yau ana buga ta, yanzu daga Ingila, inda halifancin jama'ar ya koma a 1984.

Manufar Mujallar

Manufa ta farko ita ce yin magana da mutanen Turai da Amurka da harshen da suke ji. Wanda ya kafa jama'ar bai yi rubutu da Ingilishi ba, don haka mujallar ta zame masa tafinta. An riƙa fassara rubuce-rubucensa ana fitarwa kashi-kashi, ana kuma mayar da martani ga masu wa'azin Kirista a kan batutuwa irin su auren mace fiye da ɗaya, bauta, jihadi da tarihin Annabi Muhammadu (SAW).

Manufa ta biyu ita ce yaɗa aƙidun da suka keɓanta da jama'ar. Daga cikinsu akwai cewa Annabi Isa (AS) bai mutu a kan gicciye ba, kuma ba a ɗauke shi sama da rai ba, ya yi hijira ne zuwa Kashmir, ya rasu a can, kabarinsa yana Sirinagar. Akwai kuma cewa jihadin wannan zamani na alƙalami ne. Ga jama'ar da ta ɗauki alƙalami a matsayin makaminta, buga mujalla da sayenta da rarraba ta sun zama aikin addini, mabiya kuma sukan biya kuɗin kwafin da za a aika wa baƙi kyauta.

Manufa ta uku ba a cika bayyana ta ba, amma ita ce mai riƙe ƙaramar jama'a. Mutumin da yake shi kaɗai a garinsu, maƙwabta suna kallonsa a matsayin ɓatacce, idan mujalla ta iso masa ta gidan waya a ƙarshen wata, ya ga labarin 'yan uwansa a wasu ƙasashe, yakan ji cewa yana da dangi. Haka kuma mujallar ta zama ma'ajiyar tarihi, domin a cikinta ake samun rahotannin masu wa'azi da labarin buɗe masallatai da makarantu.

Daga Kadiyan Zuwa Bakin Teku

Abin mamaki a tarihin mujallar shi ne, an yi ta domin Landan, amma ta sami kunne sosai a Afirka ta Yamma. Gidan waya na daular Ingila ɗaya ne, takardar da ta bar Indiya tana iya sauka a Legas. A can wasu matasa Musulmi masu ilimin boko, cikinsu har da Lawal Basil Agusto, suka ci karo da littattafan jama'ar da mujallarta. Matasan nan sun taso tsakanin abokai Kiristoci da suke yi musu gorin cewa addininsu na marasa karatu ne. Sai ga mujalla da tsaftataccen Ingilishi tana kare Musulunci da hujja bayan hujja. A 1916 rukuni daga cikinsu suka aika da mubaya'arsu Kadiyan, tun kafin wani mai wa'azi ya taka ƙasar.

A Gwalkwas, wato Gana ta yau, labarin ya bi ta kan Musulmin Fante. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ɗan cocin Metodis mai suna Benjamin Sam ya musulunta a hannun wani malami mai suna Abubakar, wanda ya zo daga ƙasar da a yau ake kira Nijeriya. Sam da abokinsa Mahadi Appah suka tara jama'a a Ekrawfo da ƙauyukan da ke kewaye. Musulmi ne 'yan ƙasa, Fante suke ji, wasunsu sun yi makarantar mishan, kuma suna son 'ya'yansu su yi boko ba tare da sun koma coci ba. Wani mutumin Legas mazaunin Saltpond, Abdurrahman Pedro, shi ya ba su labarin Kadiyan. Suka rubuta wasiƙa, suka tara kuɗin jirgi, a 1921 Maulawi Abdurrahim Nayyar ya sauka a Saltpond. Shekara guda bayan haka Fazlur Rahman Hakim ya zo ya zauna, ya buɗe makaranta, Saltpond ta zama hedikwatar jama'ar na tsawon shekaru kafin a mayar da ita Akara. Ke nan takarda ce ta share hanya, mai wa'azi ya biyo sawunta.

Zangon Kumasi da Irin Karatunsa

Musulunci ya daɗe a Kumasi kafin wannan lokaci. Baturen nan Bowdich da ya ziyarci fadar Asantehene Osei Bonsu a 1817 ya tarar da malamai Musulmi suna rubuta wa sarki wasiƙu da layu. Fatake Hausawa kuwa sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goro, kasuwar Salaga ce matattararsu. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwar, Turawa kuma suka shiga Kumasi a 1896, suka kama Prempeh na ɗaya, suka murƙushe boren Yaa Asantewaa a 1900. Da jirgin ƙasa ya iso garin a 1903, noman koko kuma ya bunƙasa, sai baƙi suka yi ta kwarara: Hausawa, Mosawa, Yarbawa, Zabarmawa, Wangarawa, Fulani, Dagwambawa da sauransu. Unguwar da suka sauka ita ce zango, kalmar da asalinta ke nufin masaukin ayari. Daga Tsohon Zango aka bazu zuwa Sabon Zango, Aboabo da Asawase. Kowace ƙabila tana da shugabanta, a sama akwai Sarkin Zango, Hausa kuma ita ce harshen da ya haɗa kowa da kowa, a tsakiyar ƙasar Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa.

Mutanen zango masu karatu ne, amma karatunsu na wata hanya ce dabam. Yaro yakan fara da allo, ya sauke Alƙur'ani, ya shiga littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Ahalari da Ishmawi da Risala, malam yana karantawa da Larabci yana fassarawa da Hausa. Ɗan kasuwa yakan rubuta wasiƙarsa da lissafin bashinsa da ajami. Babban misalin wannan tsari shi ne Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga kafin ya koma Kete-Krachi, ya rasu a 1934. Ya rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausa, har da waɗanda suka yi bayanin zuwan Nasara, ɗalibansa kuma suka bazu cikin zangunan ƙasar. Waƙa irin tasa akan kwafe ta da hannu, a haddace, a rera a zaure. Ita ce take yi wa zango aikin da mujalla take yi wa ɗan boko na bakin teku.

Abin da Ya Tsare Ƙofar Zango

Dalili na farko aƙida ce. Malaman zango, kamar mafi yawan malaman duniyar Musulmi, sun tsaya a kan cewa an rufe annabci da Annabi Muhammadu (SAW), kuma Annabi Isa (AS) yana raye, zai sauko a ƙarshen zamani. Matsayin da ɓangaren Kadiyan ya bai wa Mirza Gulam Ahmad, na annabi mabiyi wanda bai zo da sabuwar shari'a ba, abu ne da ba su karɓa ba ko kaɗan. Su kuma 'yan Ahmadiyya ba sa bin limamin da ba nasu ba, saboda haka masallatansu dabam suke, babban masallacinsu na Kumasi ma a Asafo yake. A garin Wa da ke arewa maso yamma, inda Malam Salihu ya shiga jama'ar cikin shekarun 1930, saɓanin ya kai ga faɗa. Daga baya, a 1974, Rabiɗatul Alamil Islami ta Makka da majalisar dokokin Fakistan suka ayyana cewa mabiya jama'ar ba Musulmi ba ne, hukuncin da su 'yan jama'ar suka ƙi amincewa da shi.

Dalili na biyu harshe ne, kuma shi ya fi shafar ɗalibin Hausa. Mujallar tana fita da Ingilishi, harshen da dattijon zango yake kallo a matsayin na Nasara da na coci. Tambayoyin da take amsawa ma ba su ne suke damunsa ba. Bafanten da yayansa yake limanci a coci yana bukatar amsa a kan gicciye da Triniti, domin da su ake tare shi a gida da kasuwa. Mahaucin Aboabo ko dillalin goro kuwa ba wanda yake ja da shi a kan wannan, hankalinsa yana kan hukuncin ciniki da gado da wuridin ɗariƙa. Muhawarar da ta girgiza zango a tsakiyar ƙarni na 20 ta Tijjaniyya ce, musamman bayan ziyarar Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha cikin shekarun 1950, sannan daga baya jayayya tsakanin 'yan ɗariƙa da Ahlus Sunna. Duk da Hausa da Larabci aka yi su.

Dalili na uku zumunci ne. Zango ya fi fuskantar arewa: Kano, Katsina, Sakkwato, Wagadugu. Daga can malamai suke zuwa, can ake aika yara karatu, can ake neman aure. Hukuma ma takan tuna wa mutanensa cewa baƙi ne. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Ahmadu Baba, ɗaya daga cikin manyan shugabannin Zangon Kumasi, a 1969 kuma gwamnatin Busia ta kafa dokar da ta fitar da ɗimbin baƙi marasa takardun zama. Mabiya Ahmadiyya a yankin kuwa galibinsu 'yan ƙasa ne masu jin Twi da Fante, da harshensu ake yi musu wa'azi, a kuma fassara musu huɗuba. Sai aka sami al'ummomi biyu a gari ɗaya, kowace da harshenta da irin takardar da take girmamawa.

Makaranta da The Guidance

Mujallar Ingilishi ba ta rayuwa sai da masu jin Ingilishi, don haka makaranta da mujalla tagwaye ne a tsarin jama'ar. A watan Janairun 1950 aka buɗe sakandaren Ta'alimul Islam ta Ahmadiyya a Kumasi, wadda ake taƙaita sunanta da T.I. Ahmadiyya. Tana cikin sakandaren farko da wata ƙungiya mai kiran kanta ta Musulmi ta kafa a ƙasar, kuma ta karɓi ɗalibai na kowane addini. Daga cikin waɗanda suka bi ta cikinta akwai Abdul Wahab Adam, ɗan ƙasar Asante, wanda ya yi karatun addini a Rabwa ta Fakistan, ya shugabanci jama'ar a Gana daga 1975 har rasuwarsa a 2014, ya kuma zauna a hukumar sasanta 'yan ƙasa da gwamnati ta kafa.

A Legas jama'ar ta fara jaridar The Truth a 1951. A Gana kuwa, cikin shekarun 1960, ta fara The Guidance, wato shiriya, mai fita wata-wata, ita ma da Ingilishi. Aikinta ya ɗan bambanta da na yayarta. Review of Religions tana magana da duniya, The Guidance kuwa da gida take: bayanin aƙida ga sababbin shiga, saƙonnin halifa, labarin rassa da taron shekara-shekara, da ayyukan raya ƙasa. Ayyukan kuwa sun ƙaru bayan ziyarar halifa na uku, Mirza Nasir Ahmad, a 1970, lokacin da aka ƙaddamar da shirin Nusrat Jahan na gina asibitoci da makarantu, ciki har da asibitin Asokore a ƙasar Asante. Halifan jama'ar na yanzu, Mirza Masroor Ahmad, ya yi aiki a Gana daga 1977 zuwa 1985, har ya shugabanci makarantarsu ta Salaga, tsohuwar kasuwar goron Hausawa.

A nan ne al'amarin ya taɓa iyayen zango kai tsaye. Aikin gwamnati da na kamfani sai da takardar boko. Makarantun boko kuwa yawancinsu na mishan ne, uba yana tsoron ɗansa ya dawo da sunan Kirista. Ga makarantar da ake salla a cikinta, amma malaman unguwa suna gargaɗi a kan aƙidar masu ita. Wasu iyaye suka kai 'ya'yansu, suka ɗauki ilimin suka bar aƙidar. Wasu da yawa suka ƙi duka biyun, 'ya'yansu suka tsaya a allo da kasuwa, lamarin da ya bar zango a baya wajen samun muƙamai na tsawon lokaci. Mafita ta zo ne da malaman zango da na arewacin ƙasar suka fara haɗa Larabci da Ingilishi a makarantunsu, har gwamnati ta kafa sashen kula da ilimin Musulunci a 1987 domin ta riƙa ba su malamai da manhaja.

Matsayin Hausa a Rubuce

Akwai wani giɓi da wannan tarihi ya fito da shi fili. A arewacin Nijeriya hukuma ta ɗauki Hausar boko ta sa a makarantu, aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, sai aka sami jama'a masu karanta Hausa a buge. Wannan ne ya ba ƙungiyoyin addini na can damar fitar da jaridu da mujallu da Hausa. A Gana ba a yi haka ba. Hausa tana cikin harsunan da gidan rediyon ƙasa yake watsa shirye-shirye da su, amma ba ta cikin harsuna 11 da gwamnati take ɗaukar nauyin koyar da su da buga littattafai da su. Ɗan zango yana jin Hausa kamar ruwa, yana karanta Larabci, yau kuma yana karanta Ingilishi, amma Hausar boko ba kowa ne ya saba da ita ba. Saboda haka ko da jama'ar Ahmadiyya ta fassara Alƙur'ani zuwa Hausa da Twi da Fante, da'awar kowane ɓangare a zango ta fi tafiya ta baki: wa'azin dare a bakin titi, tafsirin azumi, kaset, tashoshin rediyo masu shirye-shiryen Hausa, yanzu kuma saƙon murya ta WhatsApp.

Kammalawa

Review of Religions ta haura shekara 120 tana fita, abin da mujallu kaɗan ne na addini suka samu. An kafa ta domin ta yi wa Turawa bayani, ta ɗauki saƙo daga wani ɗan gari a Funjab ta kai shi Legas, daga can ya isa ƙauyukan Fante, daga bisani ya haifar da makaranta a Kumasi da mujallar gida a Gana. Inda ta tarar da masu jin Ingilishi da ke neman amsar da za su ba maƙwabtansu Kiristoci, ta yi tasiri. A zango kuwa ta tarar da mutanen da suke da malamansu da littattafansu da harshensu, tambayoyinsu kuma dabam, sai ta tsaya a bakin ƙofa. Ɗalibin da zai yi nazarin kowace mujallar addini, ta Kano ce ko ta Maraɗi, zai amfana idan ya fara da tambayoyi uku kafin ya shiga abin da ke cikinta: da wane harshe aka buga ta, da wane irin baƙi aka rubuta ta, kuma a wace makaranta masu karanta ta suka koyi karatu.